Hannun Daman Lawali

Shekara takwas ke nan cif da muka kai Lawali makwancinsa, kuma ban taɓa zaton zan zauna rubuta waiwayensa ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir ba. A shekarun da suka wuce, idan wannan mako ya zagayo, shinkafa nake dafawa in kai sadaka masallaci, in dawo in yi tagumi. Bana ma na dafa na kai. Amma bana na zo da labari, kuma sai na ba da shi, ko da masu karatu za su ce tsohuwa ta zautu.

Wata guda da ya wuce, 'yarsa Nana ta zauna a kicin ɗina ta ce za ta rataye banjon mahaifinta, ta daina kiɗa. Idan ta daina, ƙungiyar makaɗan da ya jagoranta shekara goma sha ɗaya ta watse ke nan, domin waɗanda suka rage tsofaffi ne, kuma sun ce ba su da sauran ƙarfin neman baƙo. Wato Lawali zai sake mutuwa, wannan karon ina kallo. Amma bari in fara daga farko, kada in ɗora muku kaya ba gammo.

Lawali taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Uwarsa ta rasu bai daɗe da yaye ba, sai aka kawo shi gidanmu a Maradi, Inna ta riƙe shi tare da ni. Kwano ɗaya muka ci, kuma ban tuna ranar da muka wuni ba mu yi faɗa ba. Wanda ya san wasan taubasai ya san abin da nake nufi: ba na ganin abin kirki a jikinsa in faɗa, shi ma haka, amma kada wani ya kuskura ya taɓa ɗayanmu. Ya riga ni zuwa Greensboro, a Amurka, da shekara huɗu. Ya sami aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a Wendover, yana tuƙa 'yar motar nan mai ɗaga kwalaye, ni kuma da na iso na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wanda har yau shi nake yi.

Wata Asabar ya tsaya a ƙofar wani gida inda aka baje tsofaffin kaya ana sayarwa, da niyyar sayen fanka. Ya dawo ba fanka, sai wani abu mai fuskar ganga da dogon wuya da tsirkiya huɗu. Ya ce sunansa banjo, wai jikan gurmi ne da aka kawo a jirgin ruwa tun zamanin bauta, ya daɗe a nan har ya manta yarensu. Na ce masa to lallai ya sami ɗan'uwa, tunda shi ma ya fara manta cewa ubansa tela ne, kakansa tela, babu makaɗi ko ɗaya a zuriyarmu. Matarsa Hadiza ta ce ita dai zafi take ji, kuma fanka ta aike shi.

Babu wanda ya koya masa. Rubutun kiɗa na Turawa kuwa, da ya duba sau ɗaya, ya ce tururuwa ce ta hau igiyar shanya, ya rufe littafin. Abin da ya yi shi ne aron faya-fayan tsohon kiɗan jaz daga laburare, irin na mutanen New Orleans, mai ƙaho da sarewa da ganga, ya riƙa sa su a mota. In lokacin hutun cin abinci ya yi, abokan aikinsa su nufi kanti, shi ya nufi mota, ya tura kujera baya, ya rungumi banjo yana lalube. A gida ma motar ce makarantarsa, domin Hadiza ta kafa doka, maƙwabta na sama da na ƙasa suka goya mata baya. Shekarar farko, tsakani da Allah, azaba ce zalla. Ni na sa wa abin suna faranti mai wuya, sunan kuma ya bi gari. Amma da koyo akan iya. A shekara ta uku na shiga motarsa zai kai ni ganin likita, ya ɗan kaɗa mini kafin mu tashi, sai na ji ƙafata tana motsi a ƙarƙashin zane. Na danne ta da ɗayar, na ce masa har yanzu da sauransa. Daga baya ya haɗa da jita, ita ma da ka ya koye ta.

Akwai wasu tsofaffin Amurkawa biyar, baƙaƙe da farare, da ke kaɗa wannan jaz ɗin a kasuwar manoma da safiyar Asabar. Babbansu Walter ne, dogo, tsohon ma'aikacin gidan waya, mai busa wata baƙar sarewa da ake kira kilarinet. Mai banjonsu ya koma wajen 'ya'yansa a wata jiha, kujerarsa ba kowa. Asabar uku Lawali yana tsayawa a gefensu da banjo a jaka, kamar mai jiran mota. A ta huɗu Walter ya tambaye shi ko abin da ke cikin jakar na sayarwa ne. Ya ciro shi ya zauna. Walter ya gaya mini daga baya cewa kafin waƙar farko ta ƙare, mai sayar da tumatir ya bar tebur yana rawa da mai sayar da zuma.

A irin wannan kiɗan mai banjo ba ya cikin masu burge jama'a. Masu ƙaho ne ke tashi ɗaya bayan ɗaya su nuna gwaninta, shi kuwa yana zaune yana saran tsirkiya da hannun dama, sara huɗu-huɗu, kuma a kan saran nan kowa ke takawa. To hannun daman Lawali wani abu ne daban. Su kansu tsofaffin ba su san me yake yi ba, sun dai san in ya fara, ƙafa ba ta shawara da mai ita. Ba a yi shekara biyu ba suka miƙa masa ragama. Shi ke zaɓen waƙa, shi ke buɗewa, in ya ɗaga gira mai ƙaho ya shiga, in ya sauke ta ya fita. Mutumin da bai iya karanta ko ɗigo ɗaya na rubutun kiɗa ba, ga shi yana jan waɗanda suka tsufa suna karantawa. Sun kaɗa a gidajen tsofaffi a Sedgefield, sun kaɗa a bukukuwan aure da lambun gari, kuma suna da kwat iri ɗaya mai ratsi, wanda Lawali ke sawa da hular gida a karkace.

A nan zan faɗi abin da ke ci mini rai. Ban taɓa zama na kalle shi ba. Yakan kira ni ya ce, "Bon, Rabi, gobe ƙarfe ukku ne. Na aje miki kujera kusa da ƙofa, don ki ji daɗin gudu in wata Hajiya ta shigo." Ni kuwa in ce ina da aiki. Gaskiya ya faɗa, bakin mata nake tsoro, kada a ce a wurin suna an ga Hajiya Rabi tana gyaɗa kai a gaban masu ƙaho. Sau ɗaya tak na bi ta lambun da suke wasa, na ajiye mota nesa, na sauke gilashi na saurara har suka gama, na tafi ban gaya masa ba. Ina ganin akwai lokaci. Wata Talata da rana ƙirjinsa ya riƙe a wurin aiki, kwana biyu a asibiti, shi ke nan. Tsofaffin nan biyar sun zo jana'iza, sun tsaya can bayan sahu da huluna a hannu, Walter yana kuka ba ya ko sharewa. Na yi nadama, kuma har yau ina yi.

Nana tana da shekara goma sha shida a lokacin. Ta ɗauki banjon, ta nemi malami na gaske, ta koyi karatun tururuwar nan har ta kusa fin malamin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙungiyar ta gwada masu banjo biyu bayan Lawali, ba wanda ya zauna, har shekara biyu da suka wuce Walter ya kira ta ya ce ta zo ta hau kujerar ubanta. Komai daidai take bugawa, ba ta kuskure ko na miskala. Amma ƙafafu ba sa motsi. Ana yi musu tafi, irin tafin ladabi da ake yi wa ɗan makaranta ranar ba da kyauta. Tsofaffin ba su ce mata komai ba don suna ƙaunarta, amma ita ma tana da kunne, kuma tana da ido.

Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da ya ga yadda ake koyon kiɗa a yau. Wayar Nana ce ke gaya mata ko tsirkiya ta ɗauru daidai, ita ke yi mata ƙas-ƙas a kunne kada ta yi sauri ko ta yi nawa, kuma ga malamai a ciki sai wanda ta zaɓa. Na san da tsiya zai fara, ya ce ita ma wayar a ɗinka mata kwat ta shiga orkes, wato ƙungiyar makaɗa, tunda ta fi kowa sani. Amma na san halinsa. Da ya gama tsiyar zai karɓe wayar ya wuni yana latsawa, domin wanda ya yi shekara uku yana lalube a cikin mota ba zai raina fitila ba. Da wayar ce Nana ta tattara 'yan hotunan bidiyon ubanta da mutane suka ɗauka, masu rawa da hayaniya, ta rage musu gudu tana ƙirga. Ta gano cewa hannunsa ba ya sauka inda takarda ta ce. A kowane sara na uku yana ɗan makara, kaɗan ƙwarai. Ta gwada yin makarar da lissafi, sai kiɗan ya riƙa tuntuɓe.

To wannan ce ta kawo ta kicin ɗina. Ina juya miya ta ce, "Anti, na gaji. Duk practice ɗin duniya na yi. Show ɗin tunawa da Baba na bana shi ne na ƙarshe, in bai yi ba na ajiye." Sannan ta ƙara da cewa sai dai in za a sami Lugude.

Na tambaye ta me ta ce. Ta bayyana mini cewa Walter ya sha tambayar ubanta wa ya koya masa wannan hannun, shi kuma kullum sai ya yi dariya ya ce Lugude. Walter ya rubuta sunan a takarda ya sa a akwatin sarewarsa. Shekara takwas yana bin shagunan tsofaffin faya-fayi yana tambaya, har wani malamin jami'a ya je ya gani, ita kuma ta bincika a intanet ta kowace irin rubutawa, ba makaɗi mai wannan suna.

"Anti, kin san shi? Ɗan Maradi ne? Yana da rai?"

Na yi dariya har ludayi ya faɗa cikin tukunya, na zauna na riƙe ciki, sannan hawaye suka biyo baya. Wannan taubashi nawa, ko a kabari bai bar tsokana ba, ya bar dattijo yana neman turmi a shagon faya-fayi. Ba laifin Nana ba ne, a nan aka haife ta, garin fura ma a leda ta san shi. Saboda ita da ire-irenta bari in faɗa: lugude shi ne kiɗan da mata ke yi da taɓarya in suna daka. A daka, a buga gefen turmi, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe, duk a kan lokaci, har aikin ya daina zama aiki. Inna gwana ce. Kowace hantsi tana tsakar gida tana daka, Lawali yana tsugune a gindin turmi yana jiran gumba, tun bai iya magana ba.

Ina da turmi. Daga gida na zo da shi, amma ya zama kayan ado, domin matar da ke ƙasana da na yi daka sau biyu sai ta hau buga silin da tsintsiya. Asabar ɗin nan na sayi gero a shagon 'yan Afirka, ni da Nana muka cicciɓi turmin muka sa a but ɗin mota, muka kama hanyar Pleasant Garden, inda suke gwaji a garejin Walter. Fili ne fetal, ba maƙwabcin da zai ji. Da muka sauke shi a tsakiyar gareji Nana ta ce ga Lugude, sai Walter ya cire hula, ya zagaya turmin sau biyu, ya duƙa ya gaishe shi da girmamawa. Mai ƙaton ƙaho ya yi dariya har ya shaƙe.

Na ɗaura ɗankwali a ƙugu na fara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi don a gani. Na daka, na buga gefe, na cilla na tafa na cafe, kamar ina da shekara ashirin. Tsofaffin suka kewaye ni suna ɗauka a waya. Da na tsaya ina haki, ina jiran yabo, sai Walter ya girgiza kai a hankali ya ce ya yi kyau ƙwarai, ya yi kusa, amma ba shi ba ne. Raina ya ɓaci. Mutumin da minti goma da suka wuce yake zaton lugude yana da gemu, shi ne zai gaya mini ban iya ba? Nana ta sunkuyar da kai, na ga ta fara mayar da banjon cikin jaka.

Haushi ya sa na ci gaba. Na daina cillawa, na daina burga, daka kawai nake yi irin na mai son ta gama. Shekaruna sittin da biyu, kuma ashirin da biyar daga ciki ɗaga tsofaffi nake daga gado zuwa kujera, don haka ba a jima ba kafaɗata ta dama ta fara ciwo. Taɓarya ta yi nauyi. Biyu na farko in sauke su lafiya, na uku sai kafaɗar ta ɗan riƙe kafin ta saki, na huɗu ya biyo da sauri ya cike. Ina jin kunya, ina ƙoƙarin gyarawa, sai na ji sarewar Walter ta shigo a kaina. Idonsa a rufe. Ƙaton ƙaho ya biyo shi. Na ɗaga kai na ga Nana ta kife wayarta a kan benci, ta ciro banjon, tana kallon gwiwar hannuna ba ta ƙiftawa. Ta sara sau ɗaya ta rasa, ta sake ta rasa. A karo na uku hannunta ya faɗa ciki.

Jama'a, Lawali ne ya shigo garejin nan. Tsoho mai ganga, wanda da sanda ya shigo, yana kaɗawa yana kuka yana dariya. Ni kuwa ina daka ina tunawa, domin sai a lokacin abin ya faɗo mini. Inna ta taɓa faɗowa daga kan rumbu tun kafin a haife mu, kafaɗarta ta dama ta goce, mai ɗori bai mayar da ita daidai ba. Duk rayuwarta taɓaryarta na ɗan makara a bugu na uku. Matan unguwa daga bayan katanga suke gane dakanta, suna yi mata tsiya wai gurguwar taɓarya ta fara. Ni da na koyi lugude, gyara mata na yi, na daidaita shi, ina alfahari na fi ta. Shi kuwa wancan tsugunnen a gindin turmi, yadda ya ji haka ya haɗiye, ya ƙetare teku da shi.

An yi wasan ranar Lahadin da ta wuce, ƙarfe uku na rana, a wani zaure a Sedgefield. Na je, na zauna a gaba, kuma na tarar da Hajiyoyi biyu sun riga ni, muka kalli juna kowa ta kama bakinta. Hadiza tana gefena. Nana ta sa kwat ɗin ubanta, ta naɗe hannuwan, ta ɗaga gira Walter ya shiga. Ba a kai tsakiyar waƙar farko ba wata tsohuwa ta ture kekenta na dogarawa ta miƙe, mai kula da ita yana bin ta a baya hannu a buɗe. Daga nan kujeru suka zama ba su da amfani. Ni ma ban danne komai ba, kuma duk mai son kai labari wurin suna ya kai, ya ƙara gishiri.

Bayan an tashi Nana ta rungume ni, ta ce babu maganar ajiye banjo, har sun karɓi wasa biyu a wata mai zuwa. Ta ce amma abin bai gama zama a hannunta ba, sai na riƙa zuwa da turmi duk Asabar. Na ce mata kafaɗa ciwo take. Ta ce, "Shi ya sa, Anti. Don Allah kada ki je wurin likita tukuna." Jinin taubashi ba ya ɓuya.

Yanzu da na zauna ina auna abin da Lawali ya bari, sai in ga a ido ba yawa. Bai gina gida a Maradi ba, bai bar faifai mai sunansa ba, ko takarda ɗaya ta kiɗa bai rubuta ba. Abin da ya bari wata 'yar makara ce da ba ta kai ƙiftawar ido ba, wadda waya ta iya ƙirgawa amma ba ta iya koyarwa. Kuma ko ita ba tasa ba ce, riƙo aka ba shi, kamar yadda aka ba da shi riƙo. Mu da muke da hankali mun ji aibu a dakan Inna mun gyara. Shi da muke kira mashiririci ya ji daɗi a ciki, ya adana, bai taɓa gaya mata ba, kuma ban sani ba ko shi kansa ya san daga ina daɗin yake. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan wadda ta riƙe shi, ya sa suna tare inda ba ciwo.

Inna ta rayu ta mutu tana rufe kafaɗar nan da mayafi, ko hoto za a ɗauka sai ta juya gefe don kada a gani. Ranar Lahadi na ga zaure cike da mutanen da ba su san sunanta ba, suna rawa da ita.